Soyayyar Waya: Yadda Za Ka Gane Ɗan Damfara Tun Kuɗinka Na Aljihu

Mai son sanin inda soyayyar waya ta kai mutanenmu ba sai ya je ofishin 'yan sanda ba. Ya samu benci ya zauna a rumfar mai POS a garinmu Babban Mutum ranar kasuwa, ya kasa kunne. Ina da ƙane mai wannan sana'a, shi ne ya fara buɗe min ido. Ya ce yana gane su tun daga tsayuwarsu. Mai biyan kuɗin buhun gero ko na akuya da ƙarfi yake karanto lambar asusu, har ya tsaya ya yi ƙorafin caji. Wanda zai tura wa masoyiyar da bai taɓa gani ba kuwa, miƙo wayar yake yi a rufe da tafin hannu, ya sassauta murya, ya ce a yi sauri. In sunan mai asusun ya fito, ƙanen nawa ya karanta, sai a ji sunan namiji, wani lokaci ma sunan da bai yi kama da na ƙasar Hausa ba.

"Yaya, wannan fa ba sunan mace ba ne."

"Asusun ɗan'uwanta ne. Kai dai tura."

Daga wannan amsar ake gane an riga an yi nisa. Dalilin wannan rubutu ke nan, don a san hanyar da ake bi da mutum har ya kai ga kāre ɓarawonsa da bakinsa, a kuma san wuraren da ake iya tsayawa a juyo.

Mu fara cire wani zato. Ba wawaye ake damfara ba. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ce a shekarar 2022 mutum kusan 70,000 ne suka kai mata ƙarar damfarar soyayya, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. A ƙasar da kowa ya yi boko ke nan. Su ma masu yin abin ba kullum ne wani yaro shi kaɗai a ɗaki ba. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene a Victoria Island ta Legas, ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. An jera kwamfutoci kamar ofis, an ɗauki matasa aikin hira da mutane da sunan soyayya, sannan a ja su zuwa zuba jarin bogi. Wato kai da zuciyarka kake magana, shi kuwa aiki ya fito, wataƙila ma da rubutaccen abin da zai faɗa maka a gabansa.

A nan gida ma akwai abin lura. A 2022 wani ma'aikacin gwamnati daga Gusau ya kai jarumar Kannywood Hadiza Gabon ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta Magajin Gari a Kaduna, yana cewa ta yi masa alkawarin aure, ya kuma kashe naira 396,000 a kanta. Ita ta ce ba ta taɓa saninsa ba, balle alkawari. Abin da ya dame ni a labarin shi ne a ce magidanci ya fitar da wannan kuɗi alhali ba a taɓa shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan yarinya ba. 'Yan fim sun sha fitowa suna cewa ana buɗe shafuka da sunansu da hotonsu ana karɓar kuɗin jama'a. Duk wanda "jaruma" ta yi wa sallama a akwatin saƙo, ta kuma ce ya burge ta, to ya tambayi kansa a ina ta gan shi.

Yadda ake ɗana tarkon

Ɗan damfara ba ya jefa ƙugiya sai ya duba ruwan. Shafinka yake bi. Bazawarar da ta rubuta cewa ta gaji da zaman gida, tuzurun da abokai ke tsokana a ƙarƙashin hotonsa, ɗan kasuwar da ya ɗora hoton sabon shago, matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Libiya, duk sun faɗa masa abin da suke buƙata ba tare da ya tambaya ba. Sai ya ɗinka rigar daidai wuyan kowa. Ga mace, zai zo a matsayin Alhaji mazaunin Makka ko Dubai wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, ko soja da ke bakin daga, ko likita a wata ƙasa. Ga namiji, sai a zo masa a marainiya mai hijabi wadda kishiyar uwa ke gallaza wa, ko Baturiyar da ta musulunta tana neman mai koya mata addini.

Wannan ta Baturiya tana kama mutane sosai, kuma na san dalili. A Disamba na 2020 an ɗaura auren wata Ba'amurkiya da wani matashi a Panshekara ta Kano, bayan sun haɗu a Instagram. Labarin ya zaga ko'ina, samari da yawa suka ce to me zai hana ni? Amma a duba abin da ya faru da kyau. Matar ta hau jirgi ta zo, ta ga iyayen yaron, jama'a sun gan ta da idonsu, an ɗaura aure a gaban shaidu. Ta bogin ba ta zuwa. Kullum tana gab da zuwa.

Bayan sallama sai zuma. Cikin kwana uku an kira ka mijina, an kira ki uwar 'ya'yana. A tashe ka sallar asuba, a tambaye ka ko ka ci abinci, a turo addu'o'i da wa'azi. A makonnin farko ba a tambayar ko sisi, wani ma shi zai fara turo miki katin ɗari biyar. Wannan shi ne tsabar da ake watsa wa kaza. Daga nan sai a ce a bar Facebook a koma WhatsApp, don ko an rufe shafin bogin hira ba za ta yanke ba.

Sai kuma babban makaminsu, wanda in ka gane shi ka gane rabin sana'ar: sirri. "Kada ki faɗa wa kowa tukuna, akwai mahassada." "Kar ka gaya wa abokanka, baki yana ɓata abu." A wurinmu wannan magana tana shiga, don mun taso muna jin a ɓoye alheri har ya tabbata. To amma a lura, a al'adarmu ana ɓoye maganar aure ga 'yan unguwa ne, ba a ɓoye ta ga uwa da waliyyi. Wanda ya raba ki da shawarar innarki da yayanki ya san cewa su so bai rufe musu ido ba, tambaya biyu za su yi masa ya tsinke.

In ya ga ka nuna, sai roƙo ya fara, daga ƙarami. Data ta ƙare. Waya ta faɗa ruwa. Inna na asibiti. Kuɗin mota zan zo Daura in gaida su Baba, sai ranar tafiya a ce an yi haɗari a hanya, a turo hoton ƙafa da bandeji. Wanda ya fi cin kuɗi shi ne na kaya: an aiko miki da akwati daga waje, zinari da waya da daloli na lefe, amma ya maƙale a kwastan ta filin jirgi. Wani zai bugo ya ce shi jami'i ne, a biya kuɗin fito. An biya, sai na takarda. An biya, sai a ce an ga kuɗin waje a ciki, in ba a kashe maganar ba za a zo a kama ki. A nan har mamakin mutumin Babban Mutum nake yi. Mu da muke bakin iyaka, muna ganin jami'an kwastan safe da yamma a hanyar Magarya, mun san kuɗin fito na gwamnati ba a zuba shi a asusun wani mutum mai sunansa da na ubansa. Abin da ba za ka yarda da shi a kan buhun shinkafa ba, don me za ka yarda da shi a kan akwatin da ba ka gani ba?

Binciken da za ka yi da wayarka

Kakanninmu ba su ba da 'ya sai an yi bincike, a tura mutum garin su yaro ya tambayo asali da sana'a da hali. Wayar da aka zo cutarka da ita tana iya yin rabin wannan aiki cikin minti goma.

Fara da hoton. Ajiye shi a wayarka, ka buɗe Google Lens ka sa shi. Zai nuna maka wuraren da hoton ya taɓa fitowa. Sau da yawa za ka tarar "marainiyar" wata 'yar kwalliya ce a wata ƙasa, ko "Alhajin" wani bawan Allah ne da bai san ana yawo da fuskarsa ba. In binciken bai nuna komai ba, wannan ba shaidar gaskiya ba ce, don yanzu kwamfuta tana ƙera fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Sannan shafin. Gangara ƙasa ka ga yaushe aka fara ɗora abu. Shafin mutumin gaske yana da datti irin na rayuwa: hoton suna, ta'aziyya, wani abokin makaranta da ke kiransa da sunan tsokana, 'yan'uwa suna sa albarka. Na bogi tas yake, hotuna biyar masu kyau da aka ɗora a mako ɗaya, abokai dubu uku kusan duk jinsi ɗaya, ba wanda ya san shi a zahiri.

Duba lambar waya. Ta Najeriya da +234 take farawa, ta Nijar +227, Saudiyya +966, Dubai +971, Ingila +44, Amurka +1. Mai cewa yana Madina amma lambarsa ta gida ce, yana da bayanin da zai yi. Sai dai ita ma lambar waje ana sayenta ta intanet, don haka ganinta kaɗai kada ya kwantar maka da hankali.

Nemi kiran bidiyo, kuma kai za ka zaɓi lokacin, ba tare da sanarwa ba. Uzurin da za ka ji sananne ne: kyamara ta lalace, a wurin aiki an hana, ina jin kunya. Sau ɗaya uzuri ne, sau uku amsa ce. In an ɗauka, kada ka yarda da daƙiƙa biyar a cikin duhu. Ka ce ta juya kai gefe, ta ɗora hannu a fuska, ta leƙa da wayar waje ka ga unguwar. Bidiyon da aka naɗa, ko fuskar da aka liƙa da manhaja, a irin wannan suke tonuwa.

Akwai kuma gwajin da babu manhajar da ta kai shi, wato harshe da sanin gari. Wadda ta ce ita 'yar Daura ce, tambaye ta unguwarsu da sunan mai unguwa, da ta inda ake bi daga gidansu zuwa rijiyar Kusugu. Wanda ya ce shi mutumin Zango ne ko Mai'aduwa ko Sandamu, ai ba a rasa wanda ka sani a can. Masarautarmu ta Daura ba ta da faɗin da mutum zai ɓace a cikinta. Kira ɗaya za ka yi wa wani direba ko ɗan kasuwa ka ji ko akwai gidan. Ka kuma saurari Hausar. Bakatsine da Bakano da Badamagare kowa da harshensa, mai fassara da na'ura kuwa Hausarsa ba ta da gari.

Na ƙarshe shi ne wanda ƙanena ke gani kullum: sunan da ke fitowa kafin a tura kuɗi. Ko banki ne, ko OPay, ko Moniepoint, ko PalmPay, sai an nuna maka sunan mai asusu. In ya saɓa da sunan wanda kake hira da shi, tsaya nan. In yau wannan asusu gobe wancan, to ba ma sai an yi dogon lissafi ba.

Abin da ba ya fita daga hannunka

Kuɗi, kowa ya sani. Ƙa'idata mai sauƙi ce: wanda manyanka ba su gan shi ido da ido ba, ba shi da haƙƙin ko kuɗin kati. In da gaske take, toshi da kayan na-gani-ina-so suna da hanyarsu, ta hannun iyaye mata suke bi, ana kuma kai su gida ne da rana tsaka. Cinikin biri a sama ba ya cikin neman aure.

Lambobi ma haka. BVN, NIN, lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki ke turowa ta saƙo lokacin cire kuɗi. Haka lamba shida da WhatsApp ke turowa: duk wanda ya ce "na yi kuskuren tura wata lamba wayarki, karanto min", so yake ya ƙwace shafinki ya bi 'yan'uwanki yana roƙo da sunanki. Shiga saitin WhatsApp yau ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambar da ke kaɗai kika sani.

Kada kuma ka ba da aron asusunka. Wani ba zai roƙe ka ba, cewa zai yi za a turo kuɗi ta wurinka, ka cire ka tura gaba, ka riƙe wani abu. Kuɗin wani da aka cuta ne ake wankewa ta hannunka, kuma ranar da aka biyo sawu sunanka da BVN ɗinka za a gani. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, "ai saurayina ne ya sa ni" kuwa magana ce mai wuyar tabbatarwa a kan saurayin da ba wanda ya taɓa gani.

Sai hoto. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne ciwon da ba a faɗa. Bayan an saba, sai a ce ai mun kusa zama miji da mata, turo min in gani. Ko a kira namiji ta bidiyo, mace ta bayyana ba sutura, a ce shi ma ya yi haka, ana naɗa bai sani ba. Washegari murya ta canza: ka turo kaza ko in watsa wa matarka da surukanka da abokan kasuwarka. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a kaɗai. A Satumba na shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa saboda barazanarsu. A garin da kowa ya san kowa irin namu, inda hoto ɗaya ke iya rusa auren yarinya da na ƙannenta, nauyin abin ya ninka. Shi ya sa suke samun kuɗi a wurinmu cikin sauƙi. Saƙon da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace ma ba kariya ba ne, da wata wayar ake ɗaukarsa.

In har ya riga ya faru, kada a biya. Wanda ya biya sau ɗaya ya nuna yana da abin bayarwa, za a dawo. A ɗauki hoton barazanar da lambar da asusun da aka bayar, a kai ƙarar shafin, a toshe shi, a kuma samu babba ɗaya mai riƙe sirri a faɗa masa. Iyaye kuma, don Allah, in yarinya ta zo da wannan magana, a fara da rufa mata asiri kafin faɗa. Tsoron dukan gida ne ke sa yara su saci kuɗin gida su biya.

Ƙafarka ita ce ta ƙarshe. A watan Yuli na 2012 wasu da suka ƙulla abota da Cynthia Osokogu a Facebook, ɗaliba a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, suka gayyace ta Legas, aka kashe ta a wani otal a Festac. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Mu kuma muna da ƙarin haɗari, don hanyar da ta bi ta garinmu ta shiga Magarya, ta wuce Damagaram, ta miƙe Agadas, daga can sai sahara da Libiya. Wanda ya ce ki tsallako ki same shi a ɗaura aure a can, ko zai yi miki hanyar Saudiyya ba da sanin gida ba, ki san cewa da irin wannan alkawari masu safarar mutane ke ɗibar 'yan mata. Aikin da aka kafa hukumar NAPTIP dominsa ke nan a 2003. Mai so shi ke zuwa. Ya zo da rana, ya yi sallama a ƙofar gida, a aiko yaro ya shigar da shi zaure. Namiji ma in zai je ganin wadda ya sani ta waya, ya tafi da aboki, ya bar wa wani adireshin, ya ƙi haɗuwa a ɗakin otal ko bayan gari.

Ban ce duk haɗuwar waya ƙarya ce ba. Na san gidaje da aka gina daga sallama a Facebook, suna zaune lafiya da 'ya'yansu. Abin da ya haɗa su duka shi ne maganar ba ta daɗe a cikin waya ba. Da aka fahimci juna sai aka ce turo magabatanka, ya kuma turo. Wannan kalma ita ce gwajin da ya fi Google Lens. Mutumin kirki yana jin ta ya fara neman kawunsa. Ɗan damfara yana jin ta sai kakarsa ta rasu.

In kuɗi sun riga sun fita

Sauri ake yi, don kuɗin ba sa kwana a asusun farko. Kira bankinka a take, ko ka je reshe mafi kusa, ka ce an damfare ka, a nemi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe asusun. In ta hannun mai POS ka tura, koma wurinsa ka karɓi rasit mai lambar cinikin. Kada ka goge hirar don haushi ko kunya, ita ce shaidarka: ɗauki hoton saƙonni, lambobin waya, sunan shafi da sunayen asusu. Kai rahoto ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarmu, Baure, za ka kuma iya rubuta wa EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Kano da manhajar kai ƙara mai suna Eagle Eye. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta haramta shiga rigar wani a intanet don cuta. In banki ya yi biris da ƙorafinka, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, gara a faɗa maka gaskiya, amma rufe asusun kan tsirar da na bayanka.

Sannan ka shirya wa zuwansu na biyu. Bayan mako ɗaya ko biyu wani zai bugo, ya ce shi jami'in EFCC ne, ko lauya, ko gwanin kwamfuta, ko ma malamin da ke dawo da abin da aka sace. Zai faɗi adadin da ka rasa daidai, har da ranar, ya ce an kama mutumin, saura ka biya kuɗin buɗe fayil. Ya san adadin ne don shi ya karɓa. Hukuma ba ta karɓar kuɗin fayil ta asusun mutum, ba ta kuma gudanar da bincike ta WhatsApp.

Ƙanena yanzu ya sauya dabara. In ya ga irin tsayuwar nan, ba ya gardama. Sai ya karanta sunan mai asusun a hankali har sau biyu, ya ce sabis ya ɗauke, a dawo bayan la'asar. Ya ce wasu sukan wuce rumfar gaba su tura. Wasu kuwa sukan dawo da yamma su ce ya bar shi kawai, ya ba su katin ɗari biyu, akwai wani kawunsu da za su kira.